Daga tattaki zuwa ofishin ɗan majalisa: yaya ake samo masu fafutuka a taron gidauniyar ciwon daji?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so mu zauna a kanta kafin Oktoba ya kama. Duk shekara ana tattakin ciwon daji a garuruwanmu, a Oktoba saboda sankarar mama, sai kuma 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya. Jama'a su fito da riguna, a zaga gari, a tara abin da Allah ya hore, a biya wa wasu marasa lafiya kuɗin kemo, wato maganin ciwon daji da ake bayarwa zagaye-zagaye, na zagaye ɗaya ko biyu, kowa ya kama gabansa. Ba na raina wannan kuɗi, yana ceton rai. Sai dai kuɗin gidauniya ba zai sayi injin gashi, mai ƙona ciwon daji da haske, ba, ba kuma zai kai gwajin bakin mahaifa asibitin mazaɓa ba. Wannan aikin gwamnati ne, gwamnati kuwa sai an bi ta. To a cikin ɗaruruwan da ke fitowa, ta yaya za a tsamo waɗanda za su yarda su je ofishin ɗan majalisa, su zauna da hakimi, su bi diddigin kasafi? Dalla-dalla nake so: me za a buga, wa zai tsaya a ina, me za a faɗa, kuma a ina abin yake lalacewa.

Malam Bala:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar teburi da takarda, a fara yanke abin da za a nema. Inda aka fi faɗuwa shi ne a tari mutum a ce masa "zo ka shiga yaƙi da ciwon daji". Kowa zai ce to, ya ba da lamba ya wuce, tunda ba a ɗora masa komai ba. Buƙata ɗaya ake ɗauka, wadda aka san wanda ke da ikon biyanta, aka kuma san wa'adinta. Misali: majalisar jiha ta sa kuɗin gwajin sankarar bakin mahaifa a kasafin hukumar lafiya matakin farko na baɗi. Ko kuma: a saki kuɗin da aka riga aka rubuta a na bana.

Watan da aka yi taron shi ke zaɓar buƙatar. Gwamnoni galibi tsakanin Oktoba da Disamba suke kai kasafi majalisa, sannan kwamitoci su kira ma'aikatu su kare nasu. Ke nan tattakin Oktoba ya faɗo a kan gaɓa. Wanda aka ɗauka ranar Asabar, cikin mako uku ko huɗu yana da aikin yi wajen kwamitin lafiya da kwamitin kasafi. A Fabrairu kuwa yawancin jihohi sun riga sun sa hannu, neman sabon layi a kasafin a lokacin ɓata baki ne. Abin nema a Fabrairu shi ne sakin kuɗi. Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku. A sauke shi, a nemo layin, a fitar da abin da aka ware da abin da aka kashe, a buga lambobin nan biyu a takarda ɗaya da manyan baƙaƙe. Idan kuma so ake ma'aikatar lafiya ta sa layin da kanta tun daga tushe, tun tsakiyar shekara ake bin sashen tsare-tsarenta, lokacin da ake haɗa ƙiyasi.

Abdulhadi:
Hajiya, bari in ɗauki ɓangaren kati. Kada a yi dogon rajista irin na littafi, wanda mutum ashirin ke rubutu a shafi ɗaya. Layi yake haɗawa, kuma kowa yana ganin lambar kowa, mata da yawa za su ƙi rubutawa saboda haka. Kati ɗaya, mutum ɗaya, rabin takardar A4 ya isa. Abin da zai ɗauka: suna, lambar waya, ƙaramar hukuma, mazaɓar kansila, lokacin da ya fi son a kira shi, sai akwatuna uku da zai yi wa alama. Na farko, zan sa hannu a takardar koke. Na biyu, zan bi tawaga zuwa wajen ɗan majalisarmu. Na uku, zan yi wa mutanen unguwarmu bayani. A ƙasa kuma layin amincewa da sa hannu.

Gurbin mazaɓa ya fi kowane gurbi tsada. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, mazaɓun kansila 484, 'yan majalisar jiha 40. Kaduna 23, 255 da 34. Ɗan majalisa ba ya jin nauyin sunaye dubu da bai san inda suka fito ba, amma yana jin nauyin mutum bakwai masu jefa ƙuri'a a mazaɓarsa. Don haka tambayar ba "ina kake zaune" ba ce, "ina kake zaɓe" ce. Mutum yana iya kwana a Kumbotso katinsa na Dala. Idan bai tuna sunan mazaɓar ba, tana jikin katin zaɓensa.

Idan ana sa ran mutum 500, kati 200 ya wadatar. Biro 30, a ɗaure su da zare. Katakon rubutu mai maƙali guda 8. Mutum biyu a teburi, shida suna yawo cikin jama'a, huɗu daga cikin shidan mata. Sannan waya ɗaya ta ƙungiya, ba ta wani ba. Duk wanda ya cike kati, nan take ya yi wa wannan lambar filashin kuma ya ajiye ta a wayarsa. Amfanin biyu ne: an tabbatar lambarsa daidai ce, domin rubutun da aka yi a tsaye cikin sauri 1 da 7 ba sa rabuwa, kuma saƙon da ake turawa jama'a da yawa lokaci guda a WhatsApp ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar mai turawa ba.

Hajiya Rabi:
Abdulhadi, me ya sa ba za a yi ta waya gaba ɗaya ba a huta da takarda?

Abdulhadi:
Google Form sai da intanet, kuma idan jama'a suka taru wuri ɗaya kowa yana ɗora hoto, sabis ja yake. KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, yana aiki ba intanet, ya tura daga baya, amma a cikin rana fuskar waya ba ta ganuwa, kuma mutum ɗaya kawai ake yi wa a lokaci guda. Da kati, mai katako ɗaya zai iya ba mutum uku su cike tare. A yi da takarda a fili, a shigar a kwamfuta a daren ranar. Wanda ba ya karatu, mai katakon ya cike masa, ya karanta masa layin amincewa da baki kafin ya dangwala.

Sista Hauwa:
Ni inda za a kafa teburin ne damuwata. A wajen tashi ba a samun kowa, hankali yana kan riga da hula da neman abokan tafiya. A wajen ƙarewa ake kafa shi, daf da inda ake raba ruwa, a inuwa, da kujeru kamar goma. Lokacin kuma gajere ne ƙwarai. Tattakin da ya tashi ƙarfe bakwai ya ƙare wajen takwas da rabi, kafin tara da kwata rana ta kori rabin mutane. Idan aka cika wannan tsakani da jawabin manyan baƙi, an rasa su. A ba mai gabatarwa rubutaccen jawabi na layi uku, ya faɗa sau uku: kafin tashi, da isowa, da kuma kafin babban baƙo ya karɓi lasifika. Ya faɗi buƙatar, ya nuna rumfar da hannu, ya faɗi launin rigar masu katako. Launin ya bambanta da na masu tattaki.

Abu na biyu, kuma a nan ba na sassautawa: rumfar ɗaukar masu fafutuka ta yi nesa da rumfar gwaji. Matar da ke layin duba mama gabanta faɗuwa yake, wata ta daɗe tana jin ƙullutu ba ta gaya wa kowa ba. Idan aka miƙo mata kati a wannan layi, za ta ɗauka sharaɗin dubawa ne, ta sa hannu ba da son ranta ba. Wadda kuma ta fito aka ce mata ta je babban asibiti, ba mai katako take buƙata ba, wanda zai zaunar da ita take buƙata. Kada mai katako ya kusanci wannan rumfa ko da taku ashirin.

Barista Nafisa:
Na goyi bayan Sista, kuma doka ma tana bayanta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri. Saboda haka kada a sa gurbin "kana da ciwon daji?" a katin. Ba a buƙatarsa. Layin amincewa ya faɗi abu uku da Hausa mai sauƙi: wace ƙungiya ce za ta riƙe lambar, me za a yi da ita, da yadda mutum zai ce a cire shi. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba a karɓar katinsu sai da sa hannun iyaye, kuma gara a bar su a ɓangaren wayar da kai a makaranta.

Hajiya, na san za a ce a haɗa da teburin karɓar gudummawa don a rage ma'aikata. Kada a yi. Wanda ya ga akwatin kuɗi a teburi zai kauce idan aljihunsa ba nauyi, alhali sau da yawa shi ne mai lokaci da bakin magana a unguwa. Wanda kuma ya ba da kuɗi yana jin ya sauke nauyi. A Amurka ma raba su aka yi. Relay For Life, tattakin tara kuɗi na ƙungiyar ciwon daji ta Amurka, American Cancer Society, ya faro ne a 1985, da wani likitan tiyata, Gordon Klatt, ya yi awa 24 yana zagaya filin wasa a Tacoma ya tara dala 27,000. A 2001 ƙungiyar ta kafa wani reshe daban, ACS CAN, wanda aikinsa bin 'yan majalisa, domin dokar harajinsu ta taƙaita kamun ƙafar da ƙungiyar agaji za ta iya yi. Mutanen wannan reshe ne ke rajistar mambobi a wajen tarukan Relay, asusunsu daban. Dalilinsu na haraji ne, namu na amana ne: kuɗin da aka bayar don jinyar marasa lafiya kada ya tafi kuɗin motar zuwa majalisa. A nemi na fafutuka daban, a rubuta shi daban.

Baba Ɗanjuma:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Kalma ɗaya zan gyara tun kafin a kai wa mai buga allo. Kada a rubuta "'yan sa-kai". A Zamfara da Katsina da Sakkwato, yau idan aka ce 'yan sa-kai, masu bindiga ake nufi. Ba uban da zai bar 'yarsa ta rubuta suna a ƙarƙashin wannan kalma. "'Yan agaji" kuma mutane sun san su da kaki a wajen wa'azi da filin idi. A ce "wakilan unguwa kan ciwon daji", ko "masu kai kuka". Wakili suna ne mai daraja, mutum zai so a kira shi da shi.

Sannan akwati na uku da Abdulhadi ya faɗa, na yin bayani a unguwa, ba ya yiwuwa sai an bi ta ƙofa. Mai unguwa, dagaci, hakimi, haka tsanin yake. Tun mako biyu kafin tattakin a kai wa hakiman yankin takarda hannu da hannu, a roƙi kowane ya turo mutum biyu, namiji da mace, su zo rumfar. Waɗannan turaffun sun fi waɗanda aka tsinta a hanya zama, don akwai wanda zai tambaye su ina aka kwana. Haka kwamitin raya mazaɓa da ke kula da asibitin unguwa, suna nan a ƙasa, sun san jami'in asibitin, sun san kansila. A gayyace su da suna.

Abdulhadi:
Allah ya ƙara girma Baba. "Wakilan unguwa" za a sa.

Mama Saratu:
Ina gaisuwa. Ku ƙara da ƙungiyoyin mata da suke zuwa a dunƙule: zumuntar mata ta coci, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, malaman Islamiyyar matan aure, masu adashi na kasuwa. Su ba a bin su ɗaya-ɗaya. Uwar ƙungiya ake samu tun kafin ranar, ita za ta nuna biyu ko uku da ta san suna da baki da kuma izinin fita. Maganar izini ba ƙarama ba ce. Mace za ta cike kati da zuciya ɗaya, a kira ta maigida ya ɗauka ya ce wane ne. A yi wa katin ɓangaren da ake yagewa ta tafi da shi gida, mai sunan ƙungiya da adireshin ofis da bayanin cewa ziyarar da rana ce kuma cikin tawagar mata. Mace ce kuma za ta kira mace.

Abin da nake ganin ya fi komai jawo mutane rumfa shi ne wadda ta warke ta tsaya ta yi magana. Minti biyu daga bakinta ya fi takarda ɗari. Mutanenmu da yawa sun ɗauka ciwon daji hukuncin kisa ne, ganin mai rai a tsaye yana karya wannan.

Sista Hauwa:
Mama, gaskiya ne yana jawowa, amma a yi hattara da farashin da ita za ta biya. Matar da aka cire wa mama, idan bidiyonta ya zaga Facebook, surukai za su gani, masu neman 'ya'yanta za su gani, har yau akwai masu cewa ana gadonsa kai tsaye ko ana ɗauka. Kada a taɓa neman wannan a filin taro, inda kunya za ta hana ta cewa a'a. A je gida mako guda kafin nan, a tambaye ta abu biyu daban-daban: za ki yi magana? za a ɗauki hoto? Tana iya yarda da na farko ta ƙi na biyu, sai mai gabatarwa ya roƙi a sauke wayoyi. Wadda ke tsakiyar kemo kuma kada a tsayar da ita a rana cikin cunkoso, garkuwar jikinta a ƙasa take. Kuma kada a manta da 'yan jinya. Mijin da ya yi ta jigila zuwa Zariya ko Sakkwato neman gashi, ɗiyar da ta kwana a barandar asibiti, su ne suka san farashin kowane zagaye da tsawon layi, kuma ba su da abin ɓoyewa. Su ne suka fi daɗewa a fafutuka.

Mama Saratu:
Na karɓi gyaran hoto. Amma kada tsoro ya sa mu yanke musu hukunci. Akwai waɗanda su da kansu suke so su yi magana, hana su ma rashin adalci ne. A tambaya, a bar musu zaɓi.

Dakta Umar:
Ku biyun kuna kan hanya. Ni abin da mai katako zai sani da abin da ba zai faɗa ba zan kawo, domin a nan ake jawo wa ƙungiya abin kunya. A zaunar da su awa biyu kwana ɗaya kafin taron, a ba kowa takarda ɗaya. Abin da ke ciki: ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna kimanin mutum dubu 128 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan dubu 80 suka rasu. Sankarar bakin mahaifa, a ƙiyasin 2020, mata kimanin 12,000 suka kamu, 8,000 suka rasu. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ya shigo Najeriya ranar 24 ga Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, aka yi kashi na biyu na jihohi a Mayun 2024. Burin Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa 2030: kashi 90 na 'yan mata su samu rigakafi kafin shekara 15, kashi 70 na mata a gwada su a shekara 35 a sake a 45, kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar su samu magani. Wannan ya isa. Wanda aka cika wa kai da lambobi goma zai cakuɗa su a gaban ɗan majalisa.

Abin da ba zai yi ba: ba zai duba kowa ba, ba zai ce wa kowa "wannan ba komai ba ne" ba, ba zai yi alkawarin kuɗin magani ba, ba zai ce rigakafi yana warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Ba zai zagi masu maganin gargajiya a bainar jama'a ba, ya tsaya a kan cewa a fara zuwa asibiti kafin a tsaga ko a shafa wani abu. Za a tambaye shi ko rigakafin yana hana haihuwa. Kada ya yi dariya ko ya fusata. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin sanƙarau a Kano a 1996, suka kuma ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003, tambayarsu tana da tushe. Ya amsa a taƙaice cewa ba ya hana haihuwa, an shafe shekaru tun 2006 ana yin sa a ƙasashe da yawa, sannan ya haɗa mai tambayar da ma'aikacin lafiyar da ke wajen.

Wani abu kuma da ba a shirya masa: da zarar an san mutum wakili ne, marasa lafiya za su fara zuwa ƙofarsa. Idan ba shi da abin ce musu, cikin wata biyu zai daina ɗaukar waya. A bayan takardarsa a rubuta asibitin da ake turawa daga yankinsa, ranar asibitin masu ciwon daji, da bayanin asusun tallafin ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na koyarwa na Zariya da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ya sani ta asibitin ake nema, ba ta hannunsa ba. Ambaton furostet ɗin ma yana da amfani a rumfa, shi ke tsayar da maza masu ganin taron na mata ne.

Hajiya Rabi:
Likita na gode. Yanzu ga mai wuyar. Kuɗin mota. Da an ce akwai, rumfa za ta cika da waɗanda ba don Allah suka zo ba. Da an ce babu, an kori talaka.

Malam Bala:
A rumfa ba a ambatonsa ko kaɗan, kuma ba a ba da komai a madadin cike kati, ko riga ko lemo. Kati 60 na waɗanda suka zo da kansu ya fi 300 na masu neman riga, wannan taron tsintsiya ne ba shara. Idan mutum ya tambaya, amsar ita ce ba albashi ba alawus.

Mama Saratu:
Malam, a nan ban bi ka duka ba. Matar da za ta taso daga ƙauye zuwa hedikwatar jiha, kuɗin motarta cefanen kwana biyu ne. Idan aka yi shiru, ma'aikatan gwamnati da 'yan birni kaɗai za su rage, alhali 'yan majalisar karkara sun fi yawa. A faɗa a fili: ba alawus, amma ranar ziyara ana mayar wa mutum abin da ya kashe a mota, daidai da farashin tasha, bayan an dawo, da sa hannu.

Malam Bala:
Na yarda da mayarwa daidai farashi, Mama. Inda na tsaya shi ne a kiran waya za a faɗa, ba a lasifika ba. Kuma akwai hanyar rage kuɗin gaba ɗaya: ba sai an je majalisa ba. Yawancin 'yan majalisa suna komawa gida ƙarshen mako. Tawagar mazaɓa ta same shi a can, zuwa da kai ya fi aike. Majalisa sai ranar jin ra'ayin jama'a ko ranar kai koke, shi ma koken ɗan majalisa ne ke gabatar da shi a zaure, don haka sai an riga an samu wanda zai ɗauka. Sakataren kwamitin lafiya shi ya san ranakun zama, a san shi tun da wuri.

Tsarin bin kati kuwa, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Cikin awa 48 a kira kowa, kira ba saƙo ba, kuma wanda ya karɓi katin shi zai kira, ya ambaci inda suka haɗu. A fara da masu akwati na biyu. Cikin kwana goma a yi zaman farko na awa ɗaya a ƙaramar hukumarsu, mutum biyar zuwa bakwai a kowace mazaɓa, a tashi da ranar ziyara a hannu. Ranar ziyara mutum uku zuwa biyar ke shiga, minti goma sha biyar: ɗaya ya yi gaisuwa ya gabatar, ɗaya ya faɗi abin da jinya take ci, ɗaya ya faɗi buƙatar ya miƙa takarda ɗaya mai Hausa da Turanci, ɗaya ya rubuta amsa. Abin da ke kashe ziyara shi ne ɗan majalisa ya sa hannu a aljihu. Da an karɓa magana ta mutu, ya sallami baƙi. A gaya wa tawaga tun a waje: a yi godiya, a ce ga lambar asusun gidauniya idan yana da niyya za a kawo masa rasit, sannan a koma kan tambayar, ranka ya daɗe za ka tayar da maganar a kwamiti, kuma yaushe za mu dawo.

Barista Nafisa:
Tunda an zo kan 'yan siyasa: za su zo tattakin, wasu ma su ne manyan masu bayarwa. A gayyaci na kowace jam'iyya da takarda iri ɗaya. Masu katako kada su sa wata alama, a Kano ko launin hula magana ne. Kuma yaran ɗan siyasa za su nemi jerin sunayen, su ce mai gida zai tallafa wa mutanen. Ba a bayarwa. Saɓa wa layin amincewa ne, kuma ranar da saƙon kamfe ya fara shiga wayoyin nan, ƙungiya ta gama yawo a wannan gari. Abin da ake nema daga ɗan majalisar da ya zo shi ne ranar ganawa, a karɓe ta daga mataimakinsa kafin mota ta tashi.

A liyafar dare ta ƙaddamar da asusu kuma katako ba ya aiki, ba wanda zai tsaya cike kati da babbar riga. A ajiye ƙaramin kati a kowane kujera mai tambaya ɗaya: wace ƙofa za ka iya buɗe mana? Kwamishina, sarki, gidan rediyo, shugaban kwamiti. Mutum biyu da suka san fuskokin baƙi su karɓa a bakin ƙofar fita.

Abdulhadi:
Ƙarin gargaɗi kan WhatsApp. Kada a kwashe lambobi 200 a zuba a zaure ɗaya ranar Lahadi. Kowa zai ga lambar kowa, a fara damun mata, sai tallan magani da saƙon barka da Juma'a su binne sanarwa. Zaure ƙarami ga kowace mazaɓa, bayan zaman farko, ga waɗanda suka zo kawai. Saura a riƙa tura musu saƙon murya na minti ɗaya daga wayar ƙungiya, sau biyu a wata. Masu ƙaramar waya kuma kira ko tes.

Hajiya Rabi:
Saura ɗalibai da 'yan bautar ƙasa. Su suka fi cika tattaki, su suka fi saurin cike kati.

Malam Bala:
A karɓe su, amma a ware katinsu. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, kuma galibi ba a nan yake zaɓe ba, don haka ba ya shiga tawagar mazaɓa. Ɗalibi a tura katinsa ga tawagar garinsu, ya yi aiki lokacin hutu. Inda suke da amfani nan take shi ne riƙe katako, shigar da bayanai, da tono rahoton kasafi.

Barista Nafisa:
Idan su za su shigar, Hajiya, a ofis za su yi, a kwamfutar ƙungiya, ba wanda zai ɗauki hoton kati da wayarsa ko ya tafi da shi ɗakin kwana. A sa wa katunan lamba 1 zuwa 200 tun daga wajen bugawa, a rubuta wanda aka ba daga nawa zuwa nawa, a ƙirga cikakku da fanko kafin a naɗe rumfa, mutum biyu su sa hannu a bakin ambulan ɗin da aka zuba katunan.